Dangwala Sanda a Gangaren Kyarkeci

Haugstaul, Telemark
Oktoba, 1886

Ƙanena Torjus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kuma tarin da ƙurar sussuka ta sa maka ya sake ka. Mu nan ƙalau muke. Mijina Gunleik ne dai gwiwarsa ta hagu take yi masa tsiya, da sanyi ya kama sai gurnani, amma bakin cin abinci lafiya lau. An kwashe ciyawa, an sauko da shanu daga dutse, dankali ya yi kyau bana. 'Yarka Asne ta gama karatun fasto, an tabbatar da ita a coci, ba ta ba mu kunya ba.

Na karanta abin da ka rubuto. Ka ce za ka aiko da tikitin jirgin ruwa, in ƙanƙara ta narke Asne ta taho Dakota wurinka. To, 'yarka ce, ban isa in hana ba. Amma ka san ni ba na iya haɗiye magana. Ranar da muka binne uwarta ka ɗora min ita a cinya, ko haƙoran gaba ba ta fara zubarwa ba, ka ce shekara biyu ka dawo. Yau ga ta nan ta fi ni tsayi. Ni na tsefe mata kai, ni na yi jinyar ƙyandarta, kuma ka sani Allah bai ba ni nawa ba. Yanzu layi uku a takarda sun isa a ɗauke ta. Ban ce kada ta je ba, na dai faɗa ne ka ji.

Ita kuwa da na karanta mata sai ta ɗauki bokiti ta tafi tatsa. Ba ƙin ka take yi ba, Torjus, ba ta san ka ba ne. In tana maganarka, "shi na Amurka" take cewa.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu, Gunleik ya sassaƙa mata sababbin katakan zamiya, dogayen nan da ake sulalowa da su a kan ƙanƙara, ya murɗa musu igiyar saiwa mai kyau ta ɗaure su a ƙafa. Yarinyar nan wajen gudu ba a magana, tsoro kuwa ba a halicce ta da shi ba. Juyawa ce ta gagare ta. In ta zo kwana sai ta soka doguwar sandar da ake riƙewa da ƙarfi kamar mai haƙar dankali, sandar ta maƙale, ita ta wuce ta kife. Gunleik ya gwada koya mata, amma ka san mijina, shi juyawarsa ita ce ya faɗi, ya tashi, ya fuskanci wani wajen.

Ran Lahadi a ƙofar coci abokinka Dreng, wanda har yau da sanduna biyu yake jan jiki, ya tare ta ya ce mata kaf kwarin nan ba a taɓa yin mai juya katako kamar ubanta ba. Muna hanyar gida ta ce, "Gwaggo, wai yaya yake yi?" Wannan ne karo na farko da ta tambaye ni wani abu a kanka. Na ce mata ni ina na sani, ni bayanka kawai nake hangowa kana ɓacewa.

Don haka ka zauna ka rubuto mata, dalla-dalla, ba irin takardunka na alkama ta yi, alkama ba ta yi ba.

Yayarka,
Jorunn


Dakota
Nuwamba, 1886

Yaya Jorunn,

Ina gaishe ki, ina gaida Gunleik da gwiwarsa. Tari ya tafi. Alkama ta yi, ko da kin hana ni faɗa. Na sayi saniya ta biyu, ɗakin da nake gina wa Asne saura taga.

Maganganunki sun shige ni, kuma ba ki faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Amma Yaya, ke kina da miji, kina da kwari cike da mutanen da suka san sunan kakanki. Ni in na rufe ƙofa da yamma, daga ni sai murhu. Wani lokaci nakan yi wa saniya hira da harshenmu don kada bakina ya manta. Ina kewar yarinyar nan, ina kewarta ƙwarai. Tikitin yana cikin ambulan ɗin nan, ki adana shi.

Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tebur. Mutum zai taso daga gidansa, kana kallonsa yana tahowa, har ka dafa masa abinci ya huce bai iso ba. Shekarata ta farko na sassaƙa katakai na rasa inda zan gangara. Na hau rufin rumbun ciyawa na sulalo, maƙwabcina Bajamushe ya kira matarsa ta zo ta ga mahaukaci. Tun ranar suke rataye.

Yanzu ki miƙa wa Asne takardar, daga nan nata ne.

Asne, 'yata. Sanda ba ta juya mutum. Ƙafa ce take juyawa, sanda gaya mata lokaci kawai take yi. Ki riƙe ta da hannu biyu a gabanki, nesa da ƙirji, kamar kina ɗauke da akushin madara cike. Kada ki kalli katakanki, ba inda za su gudu. Ki kalli wurin da kike son juyawa. Kafin ki isa wurin, ba bayan kin isa ba, ki miƙa bakin sandar gaba ta ɓangaren da za ki karkata, ki dangwala. Dangwalawa na ce, ba suka ba. Kin ga yadda Gwaggonki take taɓa madara a kan wuta da ɗan yatsa ta ji ko ta yi ɗumi? Iyakarta ke nan. Da ta taɓa, ki tura ƙafar waje gaba, ki durƙusa da ta ciki, dunduniyar baya a ɗage, ki kewaye wurin da kika taɓa. Sandar ta gama aikinta, ki ɗauke ta ki kai ɗaya ɓangaren. In kika ji nauyinki ya sauka a hannu, kin makara ne, ki fara dangwalawa da wuri.

Ki fara a ɗan tudun bayan turken awaki, inda ni ma na fara. Za ki faɗi, ki tashi.

Abu ɗaya kada ki taɓa yi, shi ne hawan sanda. Mutanen birnin Kiristiyaniya ne suke cusa ta tsakanin ƙafafu su zauna a kai, tana huɗar ƙanƙara a baya, wai suna rage gudu. A Telemark ba a yi. Kakanki ya taɓa ganin ɗan fasto ya yi haka, har ya mutu bai sake cire masa hula ba.

Na rubuta wannan a tsaye, riƙe da sandar tsintsiya, ina gwadawa a tsakar ɗaki don kada in faɗa miki ba daidai ba. Jikina bai manta ba, ashe.

Ubanki, kuma ƙanenki Yaya,
Torjus


Haugstaul
Disamba, 1886

Torjus,

Muna lafiya, muna ta shirin Kirsimeti. An yanka alade, na toya lefse, gurasarmu ta dankali, har kafaɗata ta riƙe, Gunleik ya cinye kusan rabi wai yana ɗanɗanawa. Tikiti ya iso, yana ƙasan akwati inda ba zan riƙa ganinsa ba.

To, ka jawo min aiki. Takardarka a cikin safar hannunta take kwana, har ta fara yagewa a ninki. Daga ta gama tatsa sai bayan turken awaki, ta hau, ta gangaro, ta hau, ta gangaro, tana magana ita kaɗai. Makon farko duk jikinta ƙanƙara. Mako na biyu na leƙa ta taga na ga ta yi wata juyawa, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Kai na gani, Torjus, har yadda kake karkatar da wuya. Kuma an daina "shi na Amurka". Yanzu daga safe zuwa yamma "Babana ya ce, Babana ya ce". Shekara nawa ina faɗa mata ta rufe ƙofar rumbu ba ta ji, kai ka rubuto layi goma an haddace. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba, amma na ji daɗi kuma.

Ɗan tudun ya yi mata kaɗan. Yanzu Gangaren Kyarkeci take zuwa. A nan za a yi tseren samari ƙarshen Fabrairu bayan an taso coci, kuma ta je da ƙafarta ta ce a sa da ita. Ita kaɗai ce mace. Masu hukunci sun yi ta sosa ƙeya, Dreng ya ce duk wanda ya hana ta sai ya fara tsallake gawarsa. Shekaran jiya ta faɗi a kwanar da ke saman kwazazzabo, ta fasa gira, jini ya ɓata ƙanƙara. Ta dawo gida tana dariya, wai ta makara wajen dangwalawa ne, Babanta ya riga ya faɗa. Na ɗaure mata, washegari ta koma.

Ta tambaye ni ko gaskiya ne babu tudu ko ɗaya a Dakota, ko kuwa wasa kake yi. Na ce ubanki bai iya wasa ba. Ta daɗe tana kallon taga. Ban san abin da ta yanke ba, ban kuma tambaya ba, don ina tsoron amsar ko wacce iri ce.

Jorunn


Dakota
Janairu, 1887

Yaya,

Ina lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Gangaren Kyarkeci? Kwanar kwazazzabo? Kin rubuta min jini a kan ƙanƙara kamar kina ba ni labarin kaza ta yi ƙwai. Kin manta wa ya sauka cikin kwazazzabon nan ya ɗauko Dreng a bayansa? Ni ne. Na ji yadda ƙafafunsa suke lilo kamar ba nasa ba, kuma Dreng ya fi ni iyawa a lokacin. Na binne uwarta, ba zan zauna a nan in jira takardar mutuwa mai baƙin gefe ba.

Na san in na ce kada ta yi tseren za ta saci jiki ta je ita kaɗai, jinina ce. To ga abin da na ce. Ta yi saman yadda take so. Amma daga bishiyar da ke gabanin kwanar kwazazzabo, ta hau sanda, ta zauna a kanta har ƙasa. Na san abin da na rubuta a baya, na janye. Ki karanta mata kamar yadda na rubuta, kada ki rage. Ki ce mata ubanta ne yake roƙo, kuma bai taɓa roƙonta komai ba.

Torjus


Dakota
Ƙarshen Janairu, 1887

Yaya,

Ina fata wannan ta cim ma waccan a hanya, ko ta wuce ta. Ki yaga waccan. Da tsoro na rubuta ta, ban ko sake karantawa ba na kai gidan waya.

Tun da na dawo nake zaune ina ganin abin a idona. Duk kwarin a tsaye, 'yar Torjus tana saukowa a kan sanda. Ni da na fi kowa dariyar masu yin haka. Kuma ba ma kunyar kaɗai ba, wanda ya zauna a kan sanda nauyinsa yana baya, in katako ya kufce ba shi da abin yi. Dreng ba gudu ne ya kashe masa baya ba, tsoro ya ji a tsakiyar kwana ya jingina. Ni na fi kowa sanin haka.

Ki ce mata ta yi yadda na koya mata tun farko. Ta dangwala da wuri, tun tana daidai bishiyar, ta kalli hanya, kada ta kalli ramin.

Guguwar ƙanƙara ta rufe mu, an ce jirgin ƙasa ya maƙale a wani wuri. Na roƙi mai gidan waya kamar zan yi kuka, ya ce shi ba shi ya yi guguwar ba. Allah ya sa ta iso kan lokaci.

Torjus


Haugstaul
Maris, 1887

Torjus,

Muna lafiya, in lafiyar jiki kake tambaya. Ba wanda ya karye. Ka kwantar da hankalinka a kan wannan, don sauran ba mai daɗi ba ne.

Takardarka ta farko ta iso ana saura kwanaki tsere. Na so in jefa ta a murhu, Allah ya sani. Gunleik ya ce takardar uba ce, ba ni da iko, ita kuma ta riga ta ga ambulan ɗin. Na karanta mata ban rage ba, kamar yadda ka umarta, ranka ya daɗe. Safiyar ranar tseren ina ɗaure mata gashi na ce mata ubanki yana bayan teku, ba mai gaya masa, ki yi abinki. Ta ce, "Ni zan sani, Gwaggo. Wannan ne abu na farko da ya taɓa nema a wurina."

An taso coci, duk kwarin ya hallara, har da mutanen ƙetaren tafki. Samari suka yi ta saukowa, masu ji da kansu sun yar da sanda sun riƙe ɗan ɗanyen reshe don a san ba su dogara da komai ba. Biyu suka kife a kwanar, ɗaya ya bi ta cikin itatuwa. Sai aka kira Asne.

Kaico, da ka ga saman nan. Dangwala, durƙusa, juya, ko ƙanƙara ba ta tayarwa. Dreng yana buga sandarsa a ƙasa yana kiran sunanka kamar kai ne kake saukowa. Tsofaffi suna duban juna. Ba wanda ya yi kusa da ita a ranar, ko makaho ya san haka. Sai ta iso bishiyar. Ta miƙe tsaye, ta cusa sandar tsakanin ƙafafu, ta zauna.

Da farko mutane sun ɗauka wani abu ne ya tsinke. Da suka gane, sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce a ba matar birni hanya. Wani ya ce a kawo mata kujera da shayi. Yara suka bi gefen hanya suna kwaikwayonta da karan tsintsiya. Ita kuwa ta ci gaba da saukowa a hankali, sandar tana huɗa a bayanta, fuskarta a miƙe, ba ta kalli kowa ba, har ƙasa. Gangaren nan bai taɓa yi min tsawo kamar ranar ba. Masu hukunci suka sa ta ƙarshe, a bayan waɗanda suka faɗi. Dreng bai yi dariya ba, kuka ya yi, ya tambaye ni wane ɗan banza ne ya sa ta. Na ce abokinka.

Da muka iso gida ta rataye katakan a rufin rumbu. Har yau ba ta taɓa su ba. Yara sun sa mata suna Mai-doki, in an taso coci ta ƙofar baya take fita. Tana aikinta, tana cin abinci kaɗan, "Babana ya ce" kuwa ban sake ji ba.

Takardarka ta biyu ta iso bayan an yi an gama. Na karanta mata. Ta karɓa, ta duba ranar da ka rubuta, ta ninke ta miƙo min.

Na yi fushi da kai, Torjus, fushin da ban taɓa yi ba tun kana yaro. Shekaru ba ka san girman takalminta ba, rana ɗaya ka miƙo hannu daga bayan duniya ka zaunar da ita a gaban jama'a. Iyalin maƙeri Halvor za su tashi Amurka ƙarshen Afrilu, da su aka shirya za ta bi. Ban san ko za ta je ba. In kana da abin cewa, ka yi tunani kafin ka kai gidan waya.

Jorunn


Dakota
Ƙarshen Maris, 1887

Yaya,

Na gode da kika faɗa min duka. Na karanta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Wannan karon na bar takardar ta kwana a kan tebur kafin in aika.

Kada ki turo ta. Ki ba wa wani tikitin, ko ki ƙone shi. Daga nesa ma na ɓata mata rana mafi kyau a rayuwarta, ina ga in tana gabana kullum? Me zan ba ta a nan? Ƙasa ba tudu, ɗaki ɗaya, da tsohon da yake hira da saniya. Yarinyar da take juya katako haka ba a kawo ta inda za ta rataye su. Ke kika raine ta, ke kika san ta, taki ce. Ni na haifa ne kawai.

Na sa tagar ɗakin kafin takardarki ta zo. Ba komai, zan zuba alkama a ciki.

Ki ce mata ta sauko da katakan. Mutanen kwarinmu suna da baki amma suna da ido, baɗi za su haɗiye dariyarsu. Ki ce mata laifina ne, ba nata ba. In ta ga dama ta rubuto min ko sau ɗaya a shekara, in ba ta ga dama ba, ba zan ce komai ba.

Ƙanenki,
Torjus


Haugstaul
Farkon Mayu, 1887

Ƙanena,

Muna lafiya. Gwiwar Gunleik ta yi sauƙi da rana ta fara ɗumi, akuya ta haifi biyu. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Takardarka ta iso su Halvor suna ɗaure kaya. Ni kaɗai na fara karanta ta a rumbu, kuma bari in gaya maka gaskiya, murna na yi. Har waƙa na yi wa awaki. Na ce shi ke nan, ya bar min ita da bakinsa. Na dafa mata faten kirim ɗin madarar da take so, na jira ta ci ta ƙoshi, sannan na karanta mata ina danne murmushi.

Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko da gaske ka sa tagar, na ce haka ka rubuta. Sai ta ce, "Gwaggo, sau ɗaya na bi maganar da ya rubuta da tsoro, kin ga abin da ta jawo. Wannan ma tsoro ne. Ba zan bi ba."

Na ce mata ke yarinya, ba tudu a can, kin ji da kunnenki. Na ce kunya ce take korarki, baɗi kowa ya manta. Na faɗi abin da ya dace da wanda bai dace ba, har na ce mata ta dubi furfurata. Ta bari na gama, ta kama hannuna.

"Tudu na riga na san shi, Gwaggo," ta ce. "Ubana ne ban sani ba."

Na tashi na ɗauko tikitin daga ƙasan akwati da hannuna.

Ranar tafiya Gunleik ya ɗora akwatinta a keken ƙanƙara ya bi hanya. Ita ta ce su haɗu a ƙasa. Ta shiga rumbu ta sauko da katakan, ta shafa musu kitse, muka taka tare har kan Gangaren Kyarkeci. Ɓangaren nan rana ba ta dukansa sosai, ƙanƙara tana nan. Ba kowa a wurin, daga ni sai ita. Ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ta ɗaura igiyar katakan, ta tafi. Ban san kalmomin da kuke faɗa ba ku masu abin, amma na ga ta wuce bishiyar ba ta rage komai ba, ta taɓa ƙasa da bakin sanda, ta durƙusa, ta kewaye kwazazzabon kamar tana kewaya teburin cin abinci. A ƙasa ta tsaya, ta kafa katakan a tsaye don Gunleik ya dawo da su, ta ɗaga min hannu. Na zauna a wurin na yi kukana har ya ishe ni.

Sawunta yana nan a gangaren. Kowace safiya in na gama tatsa nakan je in duba. A bakin kowace kwana akwai ɗan rami ƙarami inda sandar ta taɓa, ko ƙwai ba zai zauna a ciki ba. Rana tana cin su daga ƙasa, yau na sama kaɗai suka rage. Gunleik ya ce in daina zuwa, na ce ya kula da gwiwarsa.

Yanzu ka saurara. Za su jira jirgin ruwa a Kiristiyaniya, mai gidan waya ya ce takardar nan za ta riga su. Ban san ranar da za su iso ba, don haka ka riƙa zuwa tasha duk ranar da jirgin ƙasa yake tsayawa, alkama ta jira. Ka kwashe abin da ka zuba a ɗakin nan ka share shi. Ba ta shan madara mai zafi. In ta yi shiru ba fushi take ba, ka ƙyale ta, za ta yi magana don kanta. In ta yi kewar gida kada ka ce mata za ta saba, ka bar ta ta yi.

Ba za ta gane ka ba, kai ma ba za ka gane ta ba, don ƙaramar yarinya idonka zai nema. Ka nemi doguwa mai jan mayafi, nawa ne na ba ta. Kuma kada ka laɓe a bayan mutane kana murza hula kamar yadda ka saba. Ka tsaya a gaba, ka kira sunanta da ƙarfi, kai za ka fara.

Ranar da ta iso, a ranar ka rubuto min, kada ka bari ta kwana. Har yanzu kwano uku nake jerawa a tebur.

Yayarka,
Jorunn